Tambayi Likitan Dabbobi: An Roƙe Ni In Zana Kare Don a Yi Gwanjonsa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Ni 'yar Katsina ce, ina karatu a Ingila, kuma tun ina ƙarama nake zane. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana aikin sa kai a wani gidan da ake ajiye karnuka da magunan da ba su da masu su. Ta ga zanen da na yi wa kyanwarta, sai ta roƙe ni in zana biyu daga cikin dabbobin gidan in bayar kyauta, a yi gwanjonsu a tara kuɗi. Da na faɗa wa yayana a waya sai ya ce, "Mutane na kwana da yunwa a gida, ke kina can kina zana kare." Maganar ta tsaya mini a rai. Shin wannan abu yana da amfani da gaske? In kuma zan yi, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Shawarata ita ce ki yi zanen, kuma ki yi shi da zuciya ɗaya. Bari in gaya miki dalili.

Irin gidan da tsohuwar nan take yi wa hidima yana da dogon tarihi a ƙasar da kike. Tun 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda yau ake kira RSPCA. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ajiye ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa, aka mayar da shi unguwar Battersea a 1871, ya fara karɓar maguna a 1883, kuma har gobe yana aiki. Irin waɗannan gidaje da gudummawar jama'a suke rayuwa. Kowace safiya sai an ciyar, an wanke ɗakuna, an biya wuta da ɗumama ɗaki a lokacin sanyin da ke kanki kin san zafinsa. Duk dabbar da aka kawo sai likita ya duba ta, a yi mata riga-kafi, a ba ta maganin tsutsa da na ƙuma, a yi mata aikin hana haihuwa, a dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, domin doka ta wajabta dasa wannan na'ura ga karnuka tun 2016, ga maguna kuma a Ingila tun watan Yunin 2024. Kuɗin zanenki nan za su shiga. Ni da na yi shekaru ina wannan aiki na san abin da kwalbar magani ɗaya take yi wa dabbar da ƙazwa ta cinye wa jiki.

Amma amfanin zanen ya wuce kuɗin gwanjo, kuma a nan nake so ki tsaya ki saurare ni. Lokacin da na je wani kwas a can, an kai mu irin wannan gida. Dogon lungu ne, ɗakuna hagu da dama, kowace ƙofa an liƙa mata kati ɗauke da suna da shekaru da hoto. Masu zuwa neman dabbar da za su ɗauka suna shiga sai su nufi 'yan kwikwiyo. Can ƙarshen lungun akwai wani baƙin kare, tsoho, bakinsa ya yi furfura, ya kwantar da haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba yana bin kowa da ido. Ko haushi ba ya yi. Hoton da ke kan katinsa da wayar hannu aka ɗauka ta bayan raga, ba ka ganin komai sai dunƙulen baƙi da idanu biyu da hasken kyamara ya mayar kore. Ma'aikaciyar ta ce mana ya daɗe a wurin, kuma tsofaffi irinsa su ne suke daɗewa. Na tsuguna na miƙa masa bayan hannuna, ya taso a hankali ya shinshina, sannan ya jingina kafaɗarsa da ragar don in sosa masa. Wannan jingina kafaɗar, da wannan furfurar, babu ko ɗaya a katinsa. Mai zane ne kaɗai zai zauna ya kalle shi har ya ga abin, ya sa shi a takarda, wanda bai taɓa taka ƙafarsa gidan ba ya gani a intanet ya ce a ajiye mini wannan.

Akwai wanda ya ɗauki wannan tunani ya kai shi maƙura. Wani mai zane a Amurka, Mark Barone, ya fara wani aiki a 2011 a birnin Louisville na jihar Kentucky bayan mutuwar tsohuwar karyarsa. Ya ɗauki alkawarin zana karnuka 5,500, adadin da aka ƙiyasta a lokacin ana kashewa kowace rana a gidajen ajiye dabbobi na ƙasar saboda rashin wuri da rashin masu ɗauka. Duk karen da ya zana an riga an kashe shi, daga hoto ya zana shi, kuma ya rubuta sunansa. Shekaru ya kwashe a kan aikin. Mutum yana iya jin 5,500 ya wuce abinsa, amma tsayawa gaban bango cike da fuskoki ba ya barin zuciya yadda ya same ta. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa a New York a 1866, ta ƙiyasta cewa karnuka da magunan da ake kashewa a irin waɗannan gidaje sun ragu daga kusan miliyan 2.6 a 2011 zuwa kusan 920,000 a shekara zuwa 2019. Babban abin da ya jawo haka shi ne ƙaruwar masu ɗaukar dabbobi, da aikin hana haihuwa, da mayar da ɓatattu ga masu su. Sai dai mutum ba ya ɗaukar dabbar da bai gani ba, kuma nunawar ita ce aikinku masu zane.

Kada ma ki ce hannunki bai ƙware ba. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar jin ƙan dabbobi ta jihar Wisconsin ta sanar a Facebook cewa duk wanda ya ba da dala 15 ya turo hoton dabbarsa, ma'aikata da 'yan sa kai za su zana masa ita, tare da gargaɗin cewa yawancinsu ba su iya zane ba. Cikin ɗan lokaci suka tara fiye da dala 10,000.

Maganar yayanki kuwa, ban raina ta ba. Wanda yake ganin tsadar hatsi da idonsa yana da hakkin ya yi wannan tambaya, kuma ki ba shi amsa cikin ladabi. Ki ce masa, Yaya, wanda zai sayi zanen kare a wannan gwanjo ba zai taɓa aiko da kuɗin Katsina ba ko da na ƙi zanawa, kuma abin da nake aikowa gida ba zai ragu da ko sisi ba. Sannan ki ba shi labarin Phil Heckels, wani mutum a garin Worthing da ke kudancin Ingila. A 2020 ya yi wa karensu wani karkataccen zane, ya sa a Facebook, mutane suka yi ta turo hotunan dabbobinsu. Sai ya ce duk mai so ya ba da gudummawa ga Turning Tides, ƙungiyar da ke taimakon mutanen da ba su da wurin kwana. Daga baya ya haɗa da StreetVet, likitocin da ke bin tituna suna duba dabbobin waɗannan bayin Allah kyauta. Kuɗin da ya tara sun kai dubban ɗaruruwan fam. Zanen kare ne ya sama wa ɗan Adam makwanci. Mu kuma tun a makarantar allo da Islamiyya muka ji hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi aka gafarta masa, da na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Hukuncin zana abu mai rai kuwa, malamai sun yi saɓani. Malikiyya sun bambance tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Ki kai wannan ga malamin da kika amince da iliminsa, hankalinki ya kwanta kafin ki ɗauki buroshi.

Ta ina za ki fara? Ki nemi lambar rajistar gidan ki duba ta a shafin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila, minti kaɗan ne. Ki bayar da zanen kyauta ɗungurungum, kuɗi su tafi kai tsaye asusun gidan, kada ko fam ɗaya ya bi ta hannunki. Wannan yana da muhimmanci a gare ki musamman, domin bizar ɗalibai ta haramta wa mai ita sana'ar kansa, kuma sayar da zane yana iya faɗawa ciki. Ki leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ki gaya musu abin da za ki yi. Ki roƙi masu gwanjon su sa mafi ƙarancin farashi, kada aikin da kika kwana kina yi ya tafi a kuɗin shayi, domin hakan yana karya darajar zanen duk waɗanda suka bayar tare da ke. In an ba ki zaɓi, ki ce a nuna miki wanda ya fi daɗewa a gidan. Ki je ki zauna kusa da shi da ma'aikaci a wurin, kada ki ƙura masa ido ko ki ɗora hannu a kansa farat ɗaya, ki bar shi ya zo da kansa. Hoton da za ki yi aiki da shi ki ɗauka a tsugune, daidai tsayin idonsa, da hasken rana. In baƙi ne, ki lura da shuɗi da ja-ja da ke cikin gashinsa idan rana ta taɓa shi, kada ki shafe shi da baƙin fenti zalla. A bayan zanen ki rubuta sunansa da shekarunsa da sunan gidan.

Tambaya: Ranka ya daɗe Likita, ni mai zanen allunan shaguna ne a Zariya. Na ji ana irin wannan a ƙasashen waje. Mu nan da ba mu da gidajen ajiye karnuka, akwai abin da mai zane zai iya yi?

Amsa: Akwai, ɗana, kuma buƙatarmu ta fi gaggawa. Ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana sai dai addu'a. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri riga-kafi, cutar tana yankewa. Ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, ga tsangayar likitancin dabbobi a Samaru kusa da kai. Kai kuma kana cikin garin da mutum zai biya a zana masa dokinsa na hawan sallah da cikakken ado, ko ragon da ya yi wata da watanni yana kiwo, ko tantabarunsa. Ka haɗa abokan sana'arka biyu ko uku, ku sami likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku da mai unguwa, ku yi lissafin kuɗin allurar karnukan unguwa ɗaya har da na mafarauta. Ku sanar da adadin a fili, ku ce kuɗin zanen na allura ne, likitan ya riƙe rasit. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, ku sa ranar allurar ta dace da ita, ku fara karɓar aiki tun watanni biyu kafin nan.