Tambaya da Amsa: Makin Metacritic, cinikin gem, da aljihun masu ƙera shi

Assalamu alaikum. Ina da gidan gem, kuma duk lokacin da zan sayi sabon wasa sai yaran shago su ce in fara duba makin Metacritic. Wa ke ba da makin nan, kuma yaya ake lissafa shi? — Mai gidan gem, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Metacritic ba ya buga wasa ya yanke hukunci da kansa. Shafi ne da aka buɗe a Amurka a 2001, aikinsa tattara sharhin jaridu da mujallun da ya amince da su, irin su IGN da GameSpot, ya mai da hukuncin kowanne lamba tsakanin 0 da 100, sannan ya fitar da matsakaici. Sai sharhi huɗu sun taru maki ke bayyana. Daga 75 zuwa sama launin kore ne, 50 zuwa 74 rawaya, ƙasa da 50 ja.

Wuri biyu ake samun tangarɗa. Mai sharhin da ya ba wasa tauraro uku cikin biyar yana nufin wasan ba laifi, amma a shafin sai ya koma 60, ya faɗa rawaya. Na biyu kuma, ba duka jaridu ke da nauyi ɗaya a lissafin ba, kuma Metacritic bai bayyana wadda ta fi wata ba. Wannan ɓoye-ɓoyen na cikin abin da ya sa aka buɗe OpenCritic a 2015, wanda ke ɗaukar kowane sharhi daidai wa daida. Ka kuma lura cewa a jami'o'inmu 70 A ce, amma a harkar gem duk babban wasan da ya tsaya a 70 kallon wanda ya sha ƙasa ake yi masa, domin yawancin masu sharhi ba sa taɓa rabin ma'aunin na ƙasa.

Na ji ana cewa maki ɗaya tak yana iya hana ma'aikata kuɗinsu. Gaskiya ne ko zuƙi-ta-malle? — Ɗaliba mai koyon rubuta manhaja, Zariya

Gaskiya ne, 'yar'uwa, kuma nan ne makin ya fi cizo. Yawancin manyan wasanni kamfani biyu ke yin su: mai ƙerawa, da mai zuba kuɗi ya fitar kasuwa. Mai kuɗi yana biyan mai ƙerawa kashi-kashi yayin da aiki ke tafiya, kuma wani lokaci a rubuta a yarjejeniya cewa akwai tukuici in maki ya kai kaza.

Obsidian ta ƙera Fallout: New Vegas wa Bethesda a 2010. Sharaɗin tukuicin 85 ne, wasan ya tsaya a 84. An sayar da miliyoyin kwafi, amma Obsidian ba ta da kaso a cinikin, tukuicin ma ya wuce ta. Chris Avellone, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Obsidian, shi ya fallasa zancen a 2012. A shekarar ne kuma wata shari'a ta fito da yarjejeniyar Bungie (mai ƙerawa) da Activision (mai kuɗi) kan wasan Destiny, inda aka ga tukuicin dala miliyan 2.5 in wasan ya kai 90 a GameRankings, wani shafin tattara maki da aka rufe daga baya. Da ya fito a 2014 bai ko kusa ba, a saba'in da wani abu ya tsaya. Har ɗaukar aiki abin ya taɓa shafa: Irrational Games ta fitar da tallar gurbin aiki a 2012 tana neman wanda ya yi aiki a wasan da ya samu 85 ko fiye.

Yi lissafin da kanki. A ce sharhi 40 sun ba da matsakaicin 85, sai mutum ɗaya ya zo ya ba da 40. Jimla 3,440, a raba da 41, ya zama 83.9. Mai sharhi ɗaya da wasan bai kwanta masa ba ya isa ya cinye tukuicin mutum ɗari biyu. A ganinmu wannan sharaɗi ba adalci ba ne, domin mai zane da mai rubuta manhaja ba su ke sa ranar fitowa ba. Mai kuɗi ne ke cewa dole wasa ya fito kafin Kirsimeti ko da bai nuna ba, masu sharhi su tarar da kurakurai su rage maki, sannan shi ɗin dai ya riƙe tukuicin. Ƙari a kan haka, Metacritic makin farko da jarida ta bayar yake riƙewa. Ko an gyara wasan bayan wata shida, lambar makon farko ce za ta zauna.

To ke nan wasan da ya samu maki mai yawa shi ya fi ciniki? — Mai karatu, Maraɗi

Ba kullum ba, ɗan'uwa. Titanfall 2 ya samu kusan 90 a 2016, amma an fitar da shi mako ɗaya bayan Battlefield 1, mako ɗaya kafin sabon Call of Duty, dukansu manyan wasannin harbi irinsa, sai cinikin ya gaza abin da aka yi tsammani. Hi-Fi Rush ya sha yabo a 2023, duk da haka a watan Mayun 2024 Microsoft ta sanar da rufe Tango Gameworks da ta ƙera shi, kafin wani kamfani mai suna Krafton ya karɓe ta. Wasan ƙwallon EA kuwa, wanda aka sani da FIFA kafin a sake masa suna zuwa EA Sports FC a 2023, kowace shekara sai an yi ƙorafin cewa na bara ne aka sake wa riga, kuma kowace shekara sai an saye shi, saboda abokan mutum can suke bugawa.

Masu cewa maki ne ke jawo ciniki suna mantawa cewa wasan da aka kashe wa kuɗi sosai shi ke samun gogewa da kuma talla, don haka maki da ciniki sukan tashi tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Inda makin ke aiki da gaske shi ne sabon suna da ba a sani ba, da kuma kasuwar hannun jari. Ranar da sharhin Homefront ya fito a Maris 2011 da maki wajen 70, hannun jarin THQ, kamfanin da ya fitar da wasan, ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, tun kafin a ƙirga kwafin da aka sayar.

Me ya sa makin 'yan jarida da na 'yan wasa suke saɓawa, kuma wanne zan bi kafin in kashe kuɗina da data? — Mai karatu, Kumasi

Malam, makin jama'a a Metacritic kowa na iya ba da shi ko bai taɓa riƙe wasan ba. The Last of Us Part II ya samu 93 daga masu sharhi a Yunin 2020, amma sa'o'i kaɗan da fitowarsa aka yi masa ruwan sifili, alhali wasan na cin sama da awa 20. Bayan nan ne shafin ya sa dokar jira awa 36 bayan fitowar wasa kafin jama'a su ba da maki. A Steam kuwa, shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, sai wanda ya mallaki wasan ke rubuta sharhi, kuma ana nuna awannin da ya buga. Taron dangin nan wani lokaci da hujja ake yin sa: a Mayun 2024 Sony ta ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa asusun PSN, wato asusun intanet na PlayStation, wanda ba a buɗe shi a hukumance a yawancin ƙasashen Afirka ba. Sharhin Steam ya rufto, cikin 'yan kwanaki Sony ta janye.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka duba makin na'urar da kake da ita, domin kowace da shafinta. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da maki wajen 90, amma na kwamfuta kawai aka ba masu sharhi kafin ranar. Na PS4, na'urar gem ta Sony, da ya shigo hannu, maki 57 ya samu, har Sony ta cire shi daga shagonta sai Yunin 2021. Duk kamfanin da ya hana a fitar da sharhi sai ranar sayarwa, ka yi kaffa-kaffa da shi. Buɗe sharhi biyu mafi ƙarancin maki ka karanta dalilinsu, ka ga ko abin da ya dame su zai dame ka. A Steam duba sharhin kwana 30 na baya-bayan nan, shi ke nuna ko an yi gyara. In ka saya a can kuma bai yi maka ba, ana mayar da kuɗi matuƙar ba ka buga sama da awa biyu ba kuma kwana 14 ba su wuce ba, sai dai datar da ka sauke shi da ita ba mai mayar maka.