Amsa: Cin gasasshen nama a Japan

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko za ka iya shiga gidan yakitori a Tokiyo ka ci hankali kwance tunda kaza ce. To, akwai abin lura.

Yakitori kamar tsirenmu yake, naman kaza a jikin tsinke, ana gasawa a kan garwashin gawayin binchotan mai zafi sosai ba hayaƙi. Za ka ga cinya, fata, zuciya, ƙundu, kowanne da tsinkensa, mai gashi na jujjuya su yana yi wa wuta fifita. Zai tambaye ka: tare ko shio? Ka ce shio, wato gishiri kawai. Tare kuwa romo ne mai zaƙi da ake haɗawa da mirin da sake, duka giyar shinkafa ce, kuma a tukunya ɗaya ake tsoma kowane tsinke.

Abin da ya fi damuna shi ne alade. Shaguna da yawa suna gasa shi a kan waya ɗaya da kaza, har a garin Muroran abin da suke kira yakitori naman alade ne. Ga kuma maganar yanka, don galibi kazarsu ba yankan Musulmi ba ce.

Shawarata, ka nemi gidan yakiniku mai takardar shaidar halal, akwai su a Tokiyo da Osaka. Can za a kawo maka naman wagyu, wato na shanun Japan, ɗanye, yankakke siri-siri, ka gasa da kanka a teburinka. Masu sallah a masallacin Tokyo Camii za su nuna maka inda suke ci. Kada ka bar wa ma'aikaci kuɗin goro, ba al'adarsu ba ce.