Amsar tambayar Kawu kan zari-ruga da Jamie Peacock

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Tambayarka ta iso mana: wane irin wasa ne yaranmu na nan suke yi, ƙato ya rungumi ƙwallo ya tunkari ƙattai uku da gangan, kuma wane ne wannan Jamie Peacock da sunansa ba ya fita daga bakinsu? Mu da muke zaune a Leeds da Bradford ba mu ga laifin mamakinka ba, don a bidiyo abin ya fi kama da faɗan kasuwa. Amma yana da ƙa'ida kamar yadda dambe yake da tasa, kuma sai an gane ƙa'idar ake gane mutumin.

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na mutum 15, akwai na mutum 13, wanda shi ne na arewacin Ingila inda muke. Sun rabu ne a 1895 a otal ɗin George da ke Huddersfield, kuma kuɗi ne ya raba su. 'Yan wasan arewa ma'aikatan masaƙa ne da mahaƙa kwal, in sun bar aikin Asabar sun tafi wasa sai a yanke musu lada. Kulob-kulob suka ce za su biya su abin da suka rasa, manyan hukumar wasan suka ƙi, sai kulob 22 suka ɓalle. Har gobe wasan talakawan garuruwan nan ne, su Wigan da St Helens da Castleford da Hull, kuma yaron da ya tashi a cikinsu zai gamu da shi a makaranta ko a filin unguwa.

Tsakanin layin ci biyu mita 100 ne, wasan kuma minti 80. Ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Ƙungiyar da ke riƙe da ita tana da kamu shida. Duk lokacin da aka kayar da mai ƙwallo, sai ya tashi ya ajiye ta a ƙasa, ya tura ta baya da ƙafa ga ɗan'uwansa, masu tsaro kuma su ja baya mita 10, ban da mutum biyu da ke tsaye a gabansa. In kamu na shida ya cika ba a ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa ake buga ta nesa da ƙafa bayan na biyar. Dire ƙwallo bayan layin ci maki 4 ne, bugun da ke biyo baya, in ya wuce tsakanin sanduna, maki 2.

Shida daga cikin 13 ɗin su ne 'yan gaba, amma kada ka ɗauka irin na ƙwallon ƙafa ne masu cin raga. Waɗannan 'yan dako ne. Biyu daga cikinsu, masu lamba 8 da 10, su ne ginshiƙai, kuma nan Peacock ya yi mafi yawan rayuwarsa.

Ga yadda ginshiƙi yake ɗaukar ƙwallo. Yana tsayawa 'yan taku a baya, ya taso da gudu tun kafin a jefo masa, don ya karɓe ta yana cikin sauri. Ya matse ta a haƙarƙari da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya kare ƙirjinsa. Ba ya nufin ƙirjin mai tsaro, tsakanin kafaɗun mutum biyu yake nema, inda kowannensu zai kama shi da hannu maimakon kafaɗa. In an yi karo ba ya tsayawa, ƙafafunsa na ci gaba da tura ƙasa, ko mita biyu ya ƙara riba ce. Sannan abin da baƙon kallo ba ya lura da shi: yadda zai faɗi. Dole ya faɗi rub da ciki, kan gwiwa da gwiwar hannu, don ya miƙe nan take. In masu tsaro suka juya shi rigingine suka danne, daƙiƙa biyu ko uku sun tafi, layinsu ya daidaita, duk wahalarsa ta tashi a banza. In kuwa ya tashi da wuri, masu tsaro suna kan ja da baya za a sake afka musu, daga nan ne ƙananan masu gudu suke samun ƙofa. Ginshiƙin da ke cin mita takwas zuwa goma a ɗauka ɗaya ya yi aikinsa, wanda ya haura mita 100 a wasa ɗaya kuwa an san ya fito.

Kura-kuran ma sanannu ne. Wanda ya ɗauke ido daga ƙwallo yana kallon mai zuwa kama shi, ta suɓuce masa gaba, an ƙwace. Wanda ya shiga karo a miƙe, za a ɗaga shi a mayar da shi baya. A wajen kamu kuma, kafaɗa ake sawa ƙasa da inda ƙwallon take, hannu biyu su naɗe, kai ya koma gefen jikin mutum. Wanda ya sa kansa a gaban gwiwa ko ƙugun mai gudu, shi ke suma. Wanda ya kai hannu wuya ko kai ya jawo wa ƙungiyarsa hukunci, wani lokaci har katin da zai zaunar da shi minti 10. Mafi yawan waɗannan kura-kurai gajiya ce ke haifar da su, don mutum mai nauyin fiye da kilo 100 yana ja baya mita 10, ya taso, ya yi karo, ya sake ja baya, ba hutu. Shi ya sa akasarin ginshiƙai minti ashirin da 'yan kai suke yi a fitar da su su huta, sannan su dawo.

To a nan ne Peacock ya bambanta. An san shi da daɗewa a fili fiye da takwarorinsa, kuma ɗaukarsa ta ƙarshen wasa ba ta rage ƙarfi a kan ta farko. An haife shi a Leeds a 1977, ya koyi wasa a ƙaramin kulob na Stanningley. Bai fito da wuri ba. Sai da Bradford Bulls ta ba da aronsa ga Featherstone Rovers, ya kuma je Ostireliya ya yi wasa a Wollongong, kafin ya samu gurbi a 1999. A lokacin yana wasa ne a sahu na biyu na 'yan gaba, dogo ne mai kusan mita biyu, daga baya ya koma ginshiƙi. Da Bradford ya ci gasar Super League, babbar gasar wasan a nan, a 2001 da 2003 da 2005, da kofin Challenge Cup a 2000 da 2003. A 2003 ɗin aka ba shi kyautar Man of Steel, wato mutumin ƙarfe, ta gwarzon shekara. A wasansa na ƙarshe da rigar Bradford, wato wasan ƙarshe na gasar 2005, shi ne kyaftin, suka doke Leeds 15 da 6 a Old Trafford, sannan ya koma Leeds ɗin a 2006.

A Leeds Rhinos, sanye da lamba 10, ya ƙara cin gasar sau shida: 2007, 2008, 2009, 2011, 2012 da 2015. Tara ke nan jimilla. A tsakiyar wannan, a 2010, jijiyar gwiwarsa ta tsinke yana da shekara 32, raunin da kan gama da ginshiƙi mai irin shekarunsa, amma ya dawo ya ƙara shekara biyar. Ya yi kyaftin ɗin Birtaniya da na Ingila, kuma shi ya jagoranci Birtaniya ranar da ta doke Ostireliya 23 da 12 a Sydney a 2006, wasan da dattawan nan ba sa gajiya da labarinsa. A 2015 Leeds ta haɗa kofuna uku, ta casa Hull KR 50 da nema a Wembley, ta doke Wigan 22 da 20 a wasan ƙarshe, ya ajiye takalmi yana da shekara 37.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idonmu shi ne na 2016. Ya koma aikin ofis a Hull KR, raunuka suka ƙarar da 'yan wasansu, kulob na fuskantar faɗuwa daga gasar. Ya cire kwat ya sake sa riga yana da shekara 38. Ba su tsira ba: a wasan da zai yanke wanda zai faɗi, suna gaba da 18 da 10 saura 'yan mintoci, Salford ta farke, ta ci 19 da 18 a ƙarin lokaci. Mutum mai kofuna irin nasa ba abin da ya tilasta masa shiga wannan wasa.

Game da yara kuwa, Kawu, ka kwantar da hankalinka, ba a jefa su cikin karo tun farko. Ƙanana suna farawa ne da wanda ake rataya ƙyalle biyu a ƙugu, fizge ƙyallen shi ne kamu. Sai sun tasa ake koya musu kayarwa, daga durƙushe, sannan a tafiya, sannan a gudu. Robar kare haƙori ba ma yarda yaro ya shiga fili babu ita. In ya bugu a ka ana fitar da shi, ba ya komawa ranar, kuma ciwon kai ko amai ko jiri bayan wasa asibiti ne kai tsaye, ba a jira gari ya waye. Da azumi iyaye kan sanar da koci tun da wuri a rage wa yaro atisaye mai nauyi. Manyan wasanni yawanci daren Alhamis ko Juma'a ne da ƙarfe takwas, a tsakiyar bazarar nan kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, don haka mai zuwa filin Headingley yakan yi La'asar a gida, Magariba ta same shi wasa na gab da tashi.