Ɗana ya juya wa abokinsa baya saboda ƙabila

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara 9 yana da aboki Birom tun suna aji ɗaya, amma bana ya daina cin abincin tara tare da shi, wai yaran unguwarmu sun ce masa yaron ba namu ba ne. Shin haka yara suke tun asali, ko kuwa akwai abin da zan iya yi? Daga wata uwa a Rikkos, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaro yana fara lura da bambancin harshe da sutura da suna tun kafin ya shiga firamare, amma ganin bambanci daban, ƙyamar mai shi daban, kuma ita ƙyamar a bakin manya ake tsintarta. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa yara 'yan shekara 5 sun fi zaɓen aboki mai irin karin harshensu, ko da launin fatarsu ya bambanta. Mu a Jos wannan alheri ne gare mu, domin ɗan Birom da na Afizere da na Anaguta da Bahaushe duk da Hausa suke wasa.

Abin da ya raba yaranmu shi ne wurin zama. Haƙar kuza ce ta tara ƙabilu a garin nan, suka yi shekaru suna maƙwabtaka, sai rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 suka sa kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, har ya zama Anguwar Rogo da Anguwar Rukuba sun yi nisa a zukata duk da kusancinsu. Yaron da aka haifa bayan haka bai ga zaman da aka yi a da ba, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Tun 1954 masani Gordon Allport ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan an haɗu a matsayi ɗaya, ana aiki tare don buri guda, manya kuma suna goyon baya. Wannan na ƙarshe a hannunki yake. Kada ki yi masa faɗa, domin tsoron gorin 'yan unguwa ne ya sa ya janye. Ki tambaye shi abin da yake so game da abokin, ki riƙa ambaton sunan yaron a gida, ki ƙara masa abincin tara na mutum biyu, sannan ki nemi mahaifiyar yaron ranar taron iyaye da malamai ku gaisa a gaban idonsu.