Mahaifina yana ajiye maganin hawan jini da zarar ya ji sauƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma likita ya tabbatar yana da hawan jini, amma da zarar kansa ya daina ciwo sai ya ajiye ƙwayoyin, ya ce zoɓo ya ishe shi. Abincin da nake ware masa marar gishiri kuwa, ko kallonsa ba ya yi. Yaya zan yi ba tare da na saɓa masa ba? Daga wata mai karatu a Gadarif, ƙasar Sudan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya saka miki da alheri. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, domin mutum yana iya jin garau alhali awonsa ya haura 140/90, ciwon kuma yana ɓarna a zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Zoɓo ba laifi ba ne idan babu sukari, amma ba ya maye gurbin magani.

Dattijo ba ya son umarnin 'ya'yansa, saboda haka kada ki yi gardama da Baba. Ki auna hawan jininsa da safe kafin shayi ko jabana (wato kofi), bayan ya zauna minti 5, ki rubuta a littafi ya gani da idonsa. Sannan ki tambaye shi cikin ladabi abin da ya sa yake gudun ƙwayoyin, domin wasu, irin su amlodipine, suna kumbura ƙafa, wasu kuma suna sa yawan fitsarin da ke hana dattijo riƙe alwala, kuma kunya kan hana shi faɗa. Likita yana iya canza masa wani. Shan maganin bayan sallar Asuba kullum yana rage mantuwa, kuma tun da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa magani yana yankewa, a riƙa sayen wani kafin na hannu ya ƙare.

Batun abinci kuwa, a ganina ware masa kwano ne kuskuren, domin yana maishe shi bare a gidansa. A rage gishiri a tukunyar kowa sannu a hankali har harshe ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma magi da kanwa suna cikin lissafin.

Idan bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ya mutu, a garzaya da shi asibiti nan take.