Warfarin ko sabon magani: wanne za mu saya wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce bugun zuciyar mahaifinmu ba ya tafiya daidai, ya ɗora su a kan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Baba sun gaji da zuwa gwajin jini, kuma da zarar sun ji ƙarfin jikinsu sai su ajiye maganin. Yayanmu ya ce mu koma Xarelto tunda shi ba ruwansa da gwaji, sai dai tsadarsa ta isa. Wanne za mu saya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kafin maganar kuɗi, ki koma wurin likitan ki tambaye shi abin da hoton zuciya ya nuna. Idan akwai tsukewar bawul ɗin zuciya, irin wadda zazzaɓin rumatik na ƙuruciya yake bari, ko an sa musu bawul na ƙarfe, to warfarin ne nasu, ba canji. Binciken INVICTUS da aka fitar a 2022, wanda ya haɗa da marasa lafiya daga Afirka, ya nuna masu wannan tsukewa sun fi tsira da warfarin fiye da rivaroxaban, wato Xarelto. A ƙasar nan kuwa ciwon ba baƙo ba ne.

In bawul lafiya lau yake, sai ku zauna ku duka 'ya'yan ku yi lissafi na gaskiya: za ku iya sayen sabon maganin kowane wata, har da watan kuɗin makaranta? Ƙarfinsa yana gushewa daga jiki cikin kwana ɗaya. Wanda aka saya wa yau, wata mai zuwa aka ce sai albashi ya shigo, gara masa warfarin mai araha da ba ya yankewa. Ni dai a nan nake tsayawa.

Batun ajiye magani shi ya fi damuna. Wannan ƙwaya ba ta sa mutum ya ji sauƙi, ba ta kuma gyara bugun. Aikinta hana jini yin guda a cikin zuciya, don gudan nan in ya tafi ƙwaƙwalwa shi ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma mai irin wannan bugu haɗarinsa ya kai ninki 5 na sauran mutane. Ku sa wanda Baba suke jin maganarsa ya yi musu wannan bayani, dattijo ba ya son yaro ya yi masa faɗa. A haɗa shan da sallar magariba, mutum ɗaya ya riƙa miƙawa da hannunsa. In an manta har gari ya waye, kada a ninka.

Gwajin INR kuwa, wato gwajin jinin nan da ke auna saurin daskarewarsa, galibi ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, kuma in ya daidaita likita yakan tazarta zuwan. Ba a hana su zogale, alayyafo ko miyar kuka ba. Kada dai a yi mako babu ganye sannan a cika kwano. Abin tsoro yana kemis: ibuprofen, diclofenac, asfirin, Flagyl da Septrin duk suna iya jawo zubar jini in sun haɗu da warfarin. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya. Baƙin bayan gida, jini a fitsari ko haɓon da ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ina shan apixaban, ɗaya daga cikin sababbin magungunan hana jini daskarewa, sau biyu a rana. Zan iya yin ƙaho? Yaya zan yi da azumi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, a haƙura da ƙaho, kuma ka sanar da wanzaminka da mai cire haƙori abin da kake sha. Azumi kuwa, ka ga likita tun cikin Sha'aban ya tsara maka lokutan sahur da buɗa baki, ko ya duba ko mai sau ɗaya a rana zai yi maka. Kada ka haɗe ƙwayoyin biyu ka sha lokaci guda.