Tambaya da Amsa: An ce in rufe tsatsar ƙasan motata da fila da baƙin fenti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Masta. Ni direba ne a Aboabo, nan Kumasi. Shekara biyu ke nan da na gama biyan kuɗin wata ƙaramar mota ƙirar 2009, ina haya da ita. Daga Kanada aka shigo da ita, ta yi shekaru a hannun wani a Akra kafin ta zo hannuna. A daminar nan na lura kafet ɗin baya kullum a jiƙe yake. Ranar da na sa jak zan canja taya sai wurin ya lotsa, wani jan gari na zuba. In na faɗa rami ina jin ƙara ta baya, wasu safiyoyin kuma sai an tura ta. Mai gyaran bodi ya ce ba komai, tsatsar bodi ce kawai, tunda inji lafiya lau zai cike da fila ya fesa baƙin fenti ta koma sabuwa. A motar nan nake kai yarana makaranta, a cikinta nake kai mahaifiyata asibiti. Tun ranar jak ɗin barcina ya ragu. In bari ya yi?

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Kada ka bari. Kuma kafin a hau da motar nan kan rami a duba ƙasanta da kyau, kada ka kama hanyar Akra ko ta Tamale da ita, kada ka sa Hajiya da yaran a ciki. Rashin barcin naka yana kan hanya, gara shi da barcin wanda aka yi wa fenti.

Zan fara da maganar mutumin naka, domin babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ji ta ba a Magazin, unguwarmu ta makanikai da ke Suame: wai tsatsar bodi ce kawai. Wannan magana gadon manyan motoci ce. Gingimari da tsofaffin a-kori-kura suna da shasi nasu daban, dogayen ƙarafa biyu masu kauri, bodin ɗora shi aka yi a kai kamar rumfa. A irin waɗannan ko bodi ya zama rariya, shasin na nan riƙe da inji da tayoyi. Motarka ba haka aka gina ta ba. Ita da 'yan uwanta su Yaris da Vitz da Picanto da Matiz da i10 babu wani shasi da ke ɓoye a ƙarƙashinsu. Bodin shi ne shasin. Fallayen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa suka zama akwati, wasu ba su kai milimita 1 a kauri ba, masu ɗaukar nauyin ma da wuya su wuce 2. Ƙarfin akwatin daga lanƙwasar yake zuwa, kamar yadda kwalin madara ke ɗaukar nauyi muddin kusurwoyinsa ba su jiƙe ba. Shokazoba a jikin wannan akwatin take ɗaure. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ma haka, gicciyayyen ƙarfen da ke ɗauke da sitiyari ma haka, har bel ɗin da kake ɗaura wa ɗanka. To da wane bakin mutum zai ce "bodi ne kawai"?

Wurin da jak ɗinka ya lotsa kuwa, da gangan masana'anta ta ƙara masa ƙarfi don ya ɗauki motar. Yana cikin dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda cikinsa rami ne. Tsatsar wannan wuri daga ciki take farawa. Ƙananan hudojin da aka yi don ruwa ya fita sai jar laka ta toshe su, ruwa ya kwanta, ya yi ta ci shekara da shekaru alhali fentin waje na ta ƙyalli. Duk ranar da ka ga ta leƙo waje, ta riga ta gama da ciki. A Ingila, wurin gwajin mota na shekara-shekara, in tsatsa ta raunana ƙarfe a cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, sitiyari, shokazoba ko bel, motar ta faɗi, ba a ba ta takarda. Su da ke da hanyoyi sumul ke nan, balle mu da ramukan Asawase.

Fila kuma mece ce? Ƙulli ne na roba da gari, an yi shi don a daidaita 'yar lotsawa a fuskar ƙofa kafin fenti. Ba ya ɗaukar nauyi ko na kilo ɗaya. Yana shan ruwa ta baya, ya riƙe danshi a jikin ƙarfen. Baƙin fentin nan mai kauri kamar kwalta, a kan ƙarfe mai tsabta yana da amfani, amma in aka fesa shi kan tsatsa sai ya zama bargo: ruwa na shiga ta tsaga, ba ya samun hanyar bushewa, idonka kuma ba ya ganin abin da ke gudana. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, ka biya kuɗinka a ƙara wa ciwo gudu a kuma ɗaure maka ido.

Damina biyu da suka wuce wani ya kawo mini irin taka, ya saye ta bai fi wata uku ba, ya ce in ya taka birki tana ja gefe. Na shiga rami da tocila. Ƙasan nan baƙi wuluk, sai sheƙi, har warin fenti bai gama fita ba. Na sa sukudireba a gindin inda ƙarfen tayar baya ke ɗaure, ban ma danna da ƙarfi ba sai ga shi ya shige har marfi. Na ɓanɓaro fila mai kaurin tafin hannuna, bayanta guntun kwanon rufi ne da takardar buhun siminti da aka cusa don filar ta samu abin kamawa. Noti biyu ne suka rage suna riƙe da tayar a ɓangaren nan, su ma a cikin ƙarfen da nake murƙushewa da yatsa. Mai motar ya sunkuyo ya leƙa, bai ce uffan ba, ya koma kan benci ya zauna ya cire hularsa. Mako guda kafin ranar ya dawo daga Techiman da mutum biyar a ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin wannan fenti shi ne bututun birki. Siririn ƙarfe ne, bai kai milimita 5 ba, yana bin ƙasan mota daga gaba zuwa baya, kuma yakan ci tsatsa daidai inda maƙalan roba suka riƙe shi, da saman tankin mai inda ido ba ya kaiwa. Mai feshi ba ya ware shi, haɗawa yake ya baƙanta komai. Bututun da ya ci tsatsa ba ya ba da sanarwa. A tafiyar yau da kullum yana aiki lafiya, sai ranar da yaro ya gilma a gabanka a Alabar ka taka da dukkan ƙarfinka, a ranar zai fashe, feda ta nutse. Gaskiya ne an raba birkin gida biyu don in ɗaya ya tafi ɗaya ya rage, amma abin da ya rage ba zai tsayar da kai a inda kake so ba. Duk bututun da ka kankare ka ga ya yi ƙuraje ko yana gumi, a canja shi gaba ɗaya. Ba a yi masa walda, ba a ɗaure shi da roba.

Akwai ƙanwar wannan ɓarna, ita ce baƙin man inji da ake fesawa a ƙasan mota a wuraren wanki. Ba zan ce ba ya korar ruwa ko kaɗan ba. Sai dai yana kumbura bushin da duk wata roba, yana tara ƙura ta zama taɓo, in ya taɓa birki kuma ka shiga uku. Ƙarfen da ya riga ya tafi, babu man da zai dawo da shi.

Kada kuma ka ce mini ai kana da rodwodi, wato takardar shaidar lafiyar mota. Motar haya duk wata shida ake sabunta mata, ta gida shekara, kuma ni da kai mun san akwai takardun da 'yan goro, dillalan bakin ofishin lasin, ke kawowa har gida alhali motar ba ta motsa daga inda take ba. Sitika a gilashi ba ta riƙe taya.

Asalin ciwon motarka ba ɓoyayye ba ne. A Kanada da arewacin Amurka gishiri ake zubawa a titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan yana shiga kowane lungu na ƙasan mota. Ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema da shi a jikinta, ta zauna a Akra tana shan iskar teku, wataƙila ma ta taɓa yin iyo a ambaliyar Kaneshie. Sannan ta zo Kumasi mai damina biyu a shekara. Shi ya sa hom-yus, wato motar da aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita, in daga ƙasar ƙanƙara take, ta ƙasa ake fara duba ta, ba ta fuska ba. Mutanenmu sai su kunna rediyo, su ji sanyin esi, su biya.

Jiƙewar kafet da wahalar tashi da safe, waɗannan ƙanana ne. Ruwan ko dai ta hudar da tsatsa ta yi a daɓen motar yake shiga, ko robar ƙofa, ko magudanar da ke ƙarƙashin gilashin gaba ganye ya toshe ta, ko bututun ruwan esi. A cire kafet ɗin duka a shanya, domin soson da ke ƙarƙashinsa yakan yi makonni bai bushe ba. Tashin safe kuma, kafin wani ya sayar maka da batir ko kik, a kwance wayar da ta taso daga batir zuwa bodi da wadda ta haɗa inji da bodi, a goge mazauninsu har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure. A tsofaffin motoci rabin aljanun wuta a nan suke zaune. Tunda an buɗe bonet, leƙa lagireto: in ruwan ja ne kamar na kududdufi, ruwan famfo ake zuba mata, ita ma tana ci ta ciki. A wanke, a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, in an cire tamostat a mayar. Man birki ma yana shan danshi, duk shekara biyu ake canja shi.

Ga yadda za ka yi. A wanke ƙasan da ruwa zalla, ta bushe, a hau da ita rami da rana, kai ma ka shiga. Ka riƙe ƙaramar guduma da sukudireba da mayen ƙarfe. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi kwali, inda mayen ƙarfe ya ƙi kamawa fila ce. Ku bi ƙarƙashin ƙofofi biyu, mazaunin shokazoba huɗu, inda ƙarafan gaba da na baya suke ɗaure, gindin bel, ramin safaya. Ƙarar da kake ji ta baya tana iya zama bushin kawai, tana iya zama mazaunin ne ya fara rabuwa, ramin ne zai raba gardama. In ɓarnar wuri ɗaya ce ko biyu, tana gyaruwa: a yanke har a kai ga farin ƙarfe, a sa sabon falle mai kauri irin na asali, a yi walda ta zagaye gaba ɗaya ba ɗigo-ɗigo ba, kuma ka gani da idonka kafin fenti ya hau. Ka nemi mai waldar waya, domin wutar kabaid tana dafa siririn ƙarfe ta bar shi da laushi. Gicciyayyen ƙarfen gaba da na baya in sun ci, kwance su ake a sa wasu, Suame cike take da su. Amma in ka tarar ƙarƙashin ƙofofi duka biyu da mazaunin tayoyin baya sun tafi, ɗana, motar ta gama aikinta. Inji da giya da ƙofofi kuɗi ne, ka sayar da su a matsayin kayan gyara.

Na san abin da wani zai raɗa maka a kunne: ka fesa ka sayar, wani ya ji da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wancan hatsi ne, asararsa kuɗi. Wannan kuwa wani direba ne kamarka zai saya da bashi, ya sa nasa yaran a baya. Ku kuma 'yan uwana masu guduma da masu feshi, in kun san ƙarfe ya mutu ku faɗa wa mai shi, ko da zai ɗauki motarsa ya kai wa na gaba.

In za ka shiga ramin, ka ɗauki hoton duk wurin da sukudireba ya shige, da bututun birkin bayan an kankare shi, ka turo mini. A gaida Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Zuwa asibitin na makon nan, a ɗaukar mata wata motar.